Tudun da Ya Tona Asirin Lagireto

Makonni kafin tafiyar nan, kullum da safe in na duƙa na leƙa ƙarƙashin motar sai in tarar da ɗan danshi a ƙasa, daidai gaban inji, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Sai in ɗauko jarka in ƙara ruwa, in mayar da murfi, in kama harkar gabana. Babbar mota ce mai injin dizal, silinda 6, ta girmi yaron da ke bi na nesa ba kusa ba. A hannun mahaifina na gaje ta, kuma kukan injinta na san shi kamar muryar mutanen gidanmu. Abin da ke ci mini rai ke nan har yau, don alamar ba ɓoyayya ba ce. A kusurwar tankin sama na lagireto, inda ya haɗu da saƙar, wato tsakiyar lagireto mai jerin siraran bututun da ruwa ke bi ya huce, wani farin gari mai ratsin kore ya taru kamar kanwa. Na sha ganinsa, na sha sa tsumma in goge, kwana biyu ya dawo. Ruwa ba ya tsami banza, na san da haka, amma tunda mota na tashi tana tafiya, sai na bar maganar a kan sai an samu sarari.

Da asuba muka ɗau hanya, ni da ɗan yayata da ke yi mini yaron mota, motar shaƙe da buhunan siminti. Tafiyar kwana biyu ce in komai ya tafi daidai: yini guda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kashegari a hau tsaunuka a gangara ɗaya gefen. Yinin farko lafiya lau. Hanya miƙe samɓal, gonaki hagu da dama, allurar gejin zafi ta kafe tsakanin 80 da 85 ba ta motsi. Sau biyu muka tsaya, kowace tsayawa na jira inji ya huce na duba ruwa. A ta farko ya ɗan ragu, a ta biyu ya ragu fiye da haka. Na gani da idona, na kuma ce a raina bari dai mu sauke kayan nan, in mun dawo a duba.

A fili, lagireto mai rauni yana iya rufa wa kansa asiri. Man da inji ke ƙonawa ba dukansa ke zama ƙarfin juya taya ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku na zafinsa ta salansa yake fita, wani babban kaso kuma ruwa ne ke kwashe shi daga jikin inji ya kai wa lagireto, iska ta ɗauke. In mota na gudu a miƙaƙƙiyar hanya, iska na dukan gabanta a wadace, inji kuma ba ya shan wahala. A tudu abin juyawa yake: totur a ƙasa, zafi ya ninka, gudu ya ragu, iskar da ta rage sai wadda fanka ta jawo.

Kashegari da hantsi muka fara hawa. Hanyar ta naɗe jikin dutse kamar rawani, kwana bayan kwana, dama bango, hagu kwari mai zurfi. Na sauko giya ta uku, na sauko ta biyu, inji na gurnani, mota na jan ciki. Allura ta bar mazauninta ta haura 90. Na buɗe hita har ƙarshe duk da rana ta fara zafi, domin hitar nan ƙaramin lagireto ce a ɗakin direba, tana taya babban rage zafi. Iska mai ƙuna ta cika mana fuska, gumi na zuba. Can sai yaron ya ce, "Kawu, yayyafi ake yi ne?" Na dubi sama, garau, ko gajimare ɗaya babu. Ɗige-ɗigen da ke sauka a gilashi kuwa ja-ja ne, launin tsatsa, daga ƙarƙashin bonet suke fitowa.

Babu wurin tsayawa a nan, tsakiyar kwana muke, dole na ƙara ja kaɗan. A wannan ɗan tsakani allura ta doshi 100, sannan abu biyu suka faru kusan tare: hita ta daina ba da zafi ta koma hura iska mai sanyi, allura kuma ta yi ƙasa. Wanda bai sani ba sai ya yi hamdala ya ce inji ya huce. Ni gabana ne ya faɗi. Mahaifina ya taɓa ja mini kunne a kan wannan: ɗan ƙarfen da ke auna zafi a cikin ruwa yake zaune, in ruwa ya janye ya bar shi a fili, abin da geji zai nuna ba abin yarda ba ne. Hita kuma ba ta hucewa haka kawai, sai in ruwa ya daina isa gare ta. Ina samun ɗan fili a gefe na ratse, na kashe inji, na ja birkin hannu, na bar ta a giya. Yaron ya dira ya danna duwatsu a bayan tayoyi.

Muna ɗaga bonet tururi ya turnuƙe mu. Kafin in ankara, yaron ya naɗe hannu da tsumma ya kai wa murfin lagireto. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba: "Kada ka taɓa! Ja baya!" Ya razana har ya yar da tsumman. Da hankalina ya dawo na zaunar da shi na yi masa bayani, don tsawa kaɗai ba za ta hana shi maimaitawa a wata motar ba. Murfin nan akwai sifirin a cikinsa da ke riƙe matsi. Ruwa a buɗe a digiri 100 yake tafasa in ana daidai da teku, kuma duk hawan mita 300 yana rage masa kusan digiri 1. In an matse shi kuwa, tafasar ja da baya take yi. Murfin da aka buga wa 0.5 a ma'aunin matsi da ake kira "bar" yana kai ta wajen digiri 111, mai 1.0 kuma wajen 120. Ke nan ruwan ciki yana iya wuce 100 yana kwance shiru, kana buɗe murfi matsin ya tafi, duka ya tafasa lokaci guda ya yi tsiri a fuskar wanda ya buɗe. Ko lagireto na yoyo, ba ka san matsin da ya rage a ciki ba.

Muka zauna a inuwar mota fiye da awa ɗaya. Ƙarfen inji na ta ƙas-ƙas yana hucewa. Manyan motoci na wucewa ɗaya bayan ɗaya da ƙyar, kowane direba ya ɗaga mana hannu, har wani ya tsaya ya bar mana jarkar ruwa. Ni kuwa hankalina na kan abu ɗaya, wato kan inji. Injin dizal ba shi da fulogi. Iska yake matsawa, sau 16 zuwa sama da 20, har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, kuma haka tsarin yake tun injin da Rudolf Diesel ya tayar a Jamus a 1897. Duk wannan matsi gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ne ke tare shi. In zafi ya wuce ƙima, kan ya lanƙwashe ko ya tsage, gasket ya ƙone, aikin kuma ya tashi daga gyaran lagireto ya koma buɗe inji. Shi ya sa ban yarda a zuba ko cokali ɗaya na ruwan sanyi ba sai da na iya ɗora tafin hannuna a jikin inji na bar shi a wurin. Zafaffen ƙarfe in ya gamu da ruwan sanyi farat ɗaya, tsagewa yake yi.

Na fara da zaro sandar gwada mai. Baƙi wuluk, yadda man dizal ya saba zama, ba fari-fari ba kumfa. Na sauke ajiyar zuciya. Sannan muka zuba ruwa a hankali, kafin lagireto ya cika mun ga inda yake fita. A kusurwar nan mai farin gari, haɗin tanki ya buɗe tsawon ɗan yatsa, ruwa na tsartuwa. Ta bayan saƙar kuma, ɓangaren fanka, bututu biyu sun huje. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wani zane mai sheƙi a wurin, lanƙwasasshe kamar jinjirin wata, ya ratsa ta kan bututun biyu. Na shafa shi da yatsa, ban gane ba a lokacin. Na ta da inji murfi a buɗe na zura ido a bakin lagireto ko zan ga kumfa na tasowa a jere, alamar hayaƙin silinda na shiga ruwa. Babu. Salansa ma ba ta fitar da farin hayaƙi. Allah Ya kiyaye mana inji.

Direban da ya ba mu ruwa ya kuma miƙo mini ƙullin garin nan da ake zubawa a lagireto don ya toshe yoyo. Na yi godiya na karɓa, amma ban zuba ba. Yana iya tare ƙaramin naso, sai dai tsagar da ta kai tsawon yatsa ta fi ƙarfinsa, kuma ruwan da na ga yana fitowa ja-ja ya nuna mini bututun ciki sun riga sun cushe, in na ƙara musu gari gyaran gangar auzinawa zan yi. Na sa filaya na yanke bututun nan biyu a inda suka huje, na matse bakin kowanne, na naɗe shi sau biyu na ƙara matsewa. Rasa bututu biyu cikin masu yawa ba ya kashe lagireto. Tsagar tanki kuwa na kankare ta da wuƙa har ƙarfe ya fito fes, na busar, na kwaɓa gam mai haɗi biyu na liƙe. Na san ba zai jure matsi ba, don haka na juya murfi zuwa maƙalinsa na farko kawai, ya zauna ba tare da ya matse ba. Wannan dabara tana da kuɗinta: ruwa ba zai tsartu da ƙarfi ba, amma a kan tudun nan zai tafasa tun bai kai 100 ba. Dole a lallaɓa.

Sai da rana ta faɗi iska ta yi sanyi muka tashi. Ban taɓa tafiya mai nauyi a zuciya irin ta daren nan ba. Giya ta biyu, hita a buɗe, ido ɗaya a hanya ɗaya a geji. Allura na taɓa 90 in nemi gefe in tsaya, in bar inji na aiki a hankali fanka na jan iska har ta sauko, sannan mu ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan inji na kunne. Ruwanmu ya ƙare tsakar dare. Yaron ya sauka da tocila zuwa wani rafi da muke jin ƙararsa a ƙasan hanya, ya ɗebo, muka tace da rigarsa. Ba ruwan da ya dace da inji ba ne, amma wanda ke hannu ke nan. Sau nawa muka tsaya, na daina ƙirgawa. Gari na wayewa muka hango fitilun wani ƙaramin gari a saman tudu.

Mai gyaran lagireto a garin dattijo ne, yatsunsa duk tabon ƙuna. Na gaishe shi, "Baba, sannu da aiki, ga mu da lalura." Bai yi gaggawar cewa komai ba. Ya dubi facina, ya gyaɗa kai, ya shafa farin garin da ya rage a gefe ya murza a yatsa. "Ɗana, wannan ba jiya ya fara ba." Na ce haka ne, Baba. Sai ya kama lagireton da hannu biyu ta sama ya girgiza. Ya yi lilo gaba da baya kamar haƙori mai shirin fita.

Muka kwance shi. Aka buɗe famfon ƙasa ruwa ya tsiyaye a bokiti, aka sassauta kilif aka cire tiyon sama da na ƙasa, aka kwance kejin da ke kewaye da fanka aka tura shi baya, sannan notocin mazauni. Mu uku muka ɗago shi, don tagulla ba wasa ba ce wajen nauyi. A nan Baba ya kira ni ya nuna mini inda lagireton ke zama. Robobin da ya kamata su raba shi da ƙarfen mota, ɗaya ta narke ta zama kamar ƙullin kwalta, ɗayar babu ita sam, ƙarfe ne ke zaune a kan ƙarfe. Ƙarfen da ke riƙe shi ta sama ma notinsa ya kwance. "Ga mai laifin," in ji shi. Duk ramin da taya ta faɗa, duk jijjigar inji, kai tsaye suke shiga jikin lagireto, kuma dalmar da ta haɗa tanki da saƙa ba ta jure lanƙwasa yau da gobe. A tudu, da mota ta ɗaga hanci, lagireton ya kwanta baya har bakin fanka ya same shi. Jinjirin watan da na gani, sawun fanka ne. Da faci kawai na yi na mayar, ko da sabo dal na saya na ɗora a wannan mazauni, da haka zai sake tsagewa.

Ya toshe bakunan lagireton, ya hura masa iska kaɗan da famfo, ya nutsar da shi a kwatarniyar ruwa. Ni ina jiran kumfa daga wuri uku. Ta taso daga wurare da yawa, ƙanana ƙanana, jere da gindin bututu inda suka shiga farantin sama. Ya fito da shi, ya bi haɗin da wuta ya ɗage tankin sama. Abin da na gani ya sa na yi shiru. Bakunan bututu da yawa sun toshe da wani farin dutse gauraye da tsatsa, ya zura siririn ƙarfe a ɗaya ya ƙi shiga. Sannan ya sa babban yatsa ya shafi siraran faranta na jan ƙarfe da ke tsakanin bututu, waɗanda su ne ke miƙa wa iska zafi. Suka ruguje kamar busasshen ganye. Wannan aikin ruwan da na yi ta ƙarawa ne, ruwan duk inda na samu, mai gishiri da mai ƙasa, ba tare da maganin tsatsa ba.

Hanya uku ya shimfiɗa mini. A wanke a yi faci a mayar, wanda shi ne mafi sauri. Ko a bar tankunan biyu, tunda tagullarsu na da kauri ba ta ci ba, a sa sabuwar saƙa a tsakani. Ko a nemo sabon lagireto gaba ɗaya, irin na alminiyon mai tankin filastik. Na so faci, don kaya na jira, mai kaya na ta kira. Baba ya ce, "In ka ce in yi, zan yi. Amma dalma ba ta kama ruɓaɓɓen ƙarfe. In na liƙe nan, gobe can zai buɗe, kuma faranta da suka ruguje ba mai mayar da su." Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce tun kafin ya rufe baki. Faci na da wurinsa: saƙa lafiyayya da dutse ya huda, ko haɗi ɗaya da ya buɗe. Tamu ta wuce nan.

Na alminiyon ba abin rainawa ba ne. Ya fi sauƙin nauyi, yana sanyaya inji sosai, kuma yawancin motocin yanzu da shi suke fitowa. Amma tankinsa da ƙananan haƙora ake matse shi a kan roba, in filastik ɗin ya tsufa ya tsage, magani sai canji. Na tagulla kuwa duk inda aka samu mai wuta da dalma ana iya ceto shi. Ga motar da rayuwarta ke kan dogayen hanyoyi, nesa da manyan shaguna, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Ga kuma batun dacewa: tsoffin tankunan nan bakin tiyonsu da ramukan notinsu a inda motar ke son su suke, ba sai an yi dabara ba. Na zaɓi sabuwar saƙa, da sharaɗin ta zo daidai da tsohuwar a tsawo da faɗi da yawan layin bututu. Aka aika babban gari, aka ce sai gobe.

Yinin jiran bai tafi a banza ba. Muka cire tamostat, wato ɗan makullin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, muka jefa a gwangwanin ruwa a kan wuta. An buga 82 a jikinsa, amma sai da ruwan ya kusa tafasa ya ɗan buɗe baki, rabi-rabi. Wani da ke tsaye ya ce a yar da shi kawai, mota ta fi shan iska ba shi. Baba ya girgiza kai, ni ma ban yarda ba. Injin da ba tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya yi hayaƙi, ya ci kansa. A injuna da yawa ma shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji, in babu shi wani ruwan sai ya riƙa zagayawa bai leƙa lagireto ba. Muka sa a haɗo da sabo. Tiyon ƙasa da na matsa ya yi laushi kamar tsumma, wayar da ke cikinsa don hana shi shaƙewa in famfon da ke zagaya da ruwa a inji na zuƙa ta ruɓe. Shi ma sabo, da na sama, da kilif, da murfi mai lamba ɗaya da tsohon, da robobin mazauni. Na kama fanka na jijjiga in ji ko famfon ruwa na da lilo, babu, ɗan ramin da ke ƙasansa ma a bushe. Fambel lafiya. Daga nan muka sa tiyo muka yi ta wanke cikin inji, ruwa na fitowa ja, ya koma ruwan ƙasa, har ya fito garau.

Saƙar ta iso da safe, na zauna kusa da Baba na ga aikin da idona. Rabin lokacin a wanke-wanke ya tafi. Ya goge leɓen tanki da burushin waya har tagulla ta yi ƙyalli, ya shafa ruwan da ke cinye dattin ƙarfe, ya fara bin leɓen da dalma siririya, shafe kawai, kafin ya haɗa komai. Sannan ya zaunar da tanki a kan faranti, ya ɗaure, ya kama bakin wuta a hannun dama, sandar dalma da kuza a hagu. Ba sandar yake ƙonawa ba, tagullar yake gasawa, in ta yi zafi sai ya taɓa mata sandar, dalma ta narke ta bi haɗin da kanta kamar ruwa ya samu gangare. Wutar ba ta tsayawa wuri ɗaya ko daƙiƙa biyu, don in zafi ya yi yawa haɗin bututun da ke kusa zai saki. Tafiyar hannunsa ɗaya ce daga kusurwa zuwa kusurwa, bai koma baya ba. Ya kori yarona daga inda iska ke kai hayaƙin, ya ce dalma guba ce, kuma na lura bai taɓa fuskarsa ba sai da ya wanke hannu. Da ya gama ya sake nutsar da lagireton. Muka tsura wa kwatarniya ido. Ruwa ya kwanta lumui, ko kumfa ɗaya.

Wajen cikawa na yi abin da ya kamata in yi shekaru da suka wuce: rabi tataccen ruwa, rabi ruwan sanyaya inji na gilaikol. Mutane da yawa suna ɗauka na ƙasashen ƙanƙara ne kawai, tunda haɗin rabi da rabi ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Amma yana ɗaga tafasa da 'yan digiri, kuma babban amfaninsa magungunan da ke cikinsa masu hana tsatsa cin ƙarfe da dalma. Waɗannan ƙarewa suke yi, shi ya sa irin na da ake canza shi duk shekara 2. A injunan dizal da bututun da fistin ke kai-komo a ciki yake tsundum cikin ruwa, abin ya fi haka: jijjigar bututun na haifar da ƙananan kumfa masu fashewa a jikinsa, suna sassaƙar ƙarfen har su huda shi, kuma maganin da ke cikin ruwan ne ke kare shi. Zuba shi zalla ma kuskure ne, don bai kai ruwa iya ɗaukar zafi ba. Kaɗan ya zube a ƙasa muna haɗawa, wani kare ya nufo wurin. Baba ya kore shi ya rufe wurin da yashi nan take. Zaƙi gare shi, kuma yana kashe dabba, yana kashe yaro.

Muka ta da inji murfi a buɗe, hita a buɗe, don iskar da ta maƙale ta samu hanyar fita. Na riƙe tiyon sama, sanyi. Minti na tafiya, allura na hawa a hankali, sai ɗumi ya cika mini tafin hannu lokaci guda, tamostat ya buɗe. Ruwan bakin lagireto ya yi ƙasa, kumfa biyu uku suka fashe, muka cika, muka rufe murfi har ƙarshe. Baba ya sa yatsu tsakanin fanka da saƙa bayan an kashe inji, ya auna tazarar, ya sake girgiza lagireton. Bai motsa ba.

Mun yi sallama da la'asar. Bayan garin akwai sauran hawa ɗaya, gajere amma ya fi na baya wuyar hawa, kuma da gangan ban lallaɓa ba, na ba ta wuta a giya ta biyu yadda aikinta yake. Allura ta hau 88 ta tsaya. Yaron bai ɗauke ido daga kanta ba har muka kai ƙoli, hanya ta karkata ƙasa, kwari ya buɗe a gabanmu da hasken yamma, allura ta koma 82. Mun sauke simintin a makare da kwana biyu, na ba mai kaya haƙuri na faɗa masa abin da ya faru ba ragi.

A daren na yanki kwali na shimfiɗa ƙarƙashin inji. Da asuba yaron ya riga ni fita, na same shi a duƙe ya jawo kwalin yana juya shi a hasken tocila. Akwai ɗigo ɗaya, ƙarami, ta wajen tiyon ƙasa. Sabon tiyo ne ya zauna bayan ya sha zafi ya huce. Na miƙa masa sukudireba, ya ƙara wa kilif ɗin rabin juyi, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya taɓa jikin inji da bayan hannu, ya ji sanyi, ya buɗe murfi ya leƙa. "Kawu, yana nan a wuyansa." Na ce ya ajiye kwalin a bayan kujera, za mu sake shimfiɗa shi a masaukin gaba.